Karnukan da Baba Ya Bari

Ikerasak,
Fabrairu, 1956.

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin naki? Tarin ya lafa kuwa? Ina fata likitocin Danmak suna kula da ke sosai, kuma kina daurewa kina cin abincinsu ko da ba ya miki daɗi. Mu nan kowa lafiya lau. Kaka tana gaishe ki, Baba yana gaishe ki. Wannan zanen da ke ƙasan takarda na autarki Naja ne, ni na riƙe mata hannu. Ta ce kare ne, kada ki ce mata kifi.

Inna, rana ta dawo bayan watannin duhu! Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci muka hau tudun bayan gari, manya da yara, muka tsaya muna jira, sai ga bakinta ja ya leƙo ta tsakanin duwatsu. Naja ta tsorata ta cusa kai cikin rigata, ashe ta manta da ita sam. Amma ba wannan ne babban labarin ba, ki gyara zama.

Wasu Turawa sun zo daga Umannak a kan amalanken ƙanƙara. Wai za su hau Babbar Ƙanƙara su auna kaurinta, su san inda ƙasa take a ƙarƙashi. Suna da motoci masu tafiya a kan sarƙa waɗanda jirgi ya sauke musu tun bara, amma motocin ba sa gane hanya a bakin ƙanƙarar inda take a farfashe, sai karnuka sun shige gaba sun nemo musu. Shugabansu wani dogo ne, yara sun sa masa suna Jan Gemu. Ya yini yana zagaya gari yana ɗaga ƙafafun karnukan mutane yana duba tafinsu, har na Kawu Isak suka kusa tuɓe masa wando. Da ya zo kan namu sai ya tsaya ya daɗe. Ya roƙi Baba ya ɗaura su, suka fita kan teku suka dawo, gemun nan ya yi fari fat, yana ta dariya yana bubbuga kafaɗar Baba.

Inna, an zaɓi Baba! Shi ne ma zai shige gaban kowa!

Da ma kin ga shigowarsa gida. Ko kakkaɓe takalmi bai yi ba, ya sunkuci Kaka daga kan gado ya yi ta juyi da ita. Ita kuma tana dukansa da fatar da take ɗinki tana cewa, "Sauke ni, Julut! Ƙaton banza, da furfurarka! Za ka karya ni kafin ka tafi?" Ni rabon da in ji dariyar Baba haka tun ranar da jirgi ya tafi da ke.

Da muka zauna cin abinci Kaka ta sake ba mu labarin Kaka namiji, wanda kika sha ji, amma wannan karon ta faɗi abin da ban taɓa sani ba. Ta ce lokacin da ya raka Turawan zamaninsa can ƙarshen arewa, ya tafi da amalanke cike da karnuka, ya dawo da guda biyu. Abinci ya ƙare musu, suka riƙa yanka kare suna ba sauran, daga baya su ma suka ci. Ta ce ya yi wata guda bai iya kallon idon kare ba. Amma cikin biyun da suka dawo akwai wata karya, kuma duk karnukanmu na yau jikokinta ne. Sai Baba ya ce, "To su ma bari su je su ga inda kakarsu ta je. Ƙila daga mu shi ke nan, motoci za su karɓa." Kaka ta ce, "Mota? Idan yunwa ta kama su sai su dafa ta mu gani."

Ya riga ya ware waɗanda za su tafi, duk ƙarfafan. Ya bar mini tsohuwa Milak, wadda ta daɗe tana jan gaba kafin haƙoranta su dakushe, da Kajok sarkin faɗa mai yagaggen kunne, da Siku wanda ba ya komai sai ci da barci, da 'yan kwikwiyon bara guda biyar da ba su taɓa jin ɗamara a jikinsu ba. Ya ce, "Ga naki nan, Tuperna. Ki riƙa ɗebo mana ƙanƙarar sha da su, kada dai ki bari su cinye amalanken."

Kada ki damu da tafiyarsa, kin san shi. Ki dai yi ta samun sauƙi. Mai wasiƙa zai tashi kudu da safe, ban san yaushe wannan za ta same ki ba. Allah ya ƙara miki lafiya, amin.

Ni ce 'yarki,
Tuperna.

Ikerasak,
Ƙarshen Maris, 1956.

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Mun sami takardarki ta Kirsimeti sai yanzu, na karanta wa Kaka har sau uku. Da na zo inda kika ce an fara barin ki ki zaga lambun asibiti, sai ta ce in maimaita. Mun gode wa Allah.

Baba ya tafi. Duk gari aka sauko bakin teku, malamin coci ya yi addu'a, amma ba wanda ya ji abin da ya ce saboda kukan karnuka. Namu sun yi ta tsalle suna fizgar igiya kamar za su tashi sama. Baba ya sa sabon wandon fatar da Kaka ta ɗinka masa, ya shinshini kumatun Naja, ya dafa kaina, sannan ya saki igiyar da ta riƙe amalanke. Kafin in share ido sun zama ɗigo a tsakanin duwatsun ƙanƙara. Milak ta yini tana kuka tana kallon hanyar, ta ƙi cin abinci.

To ni kuma na shiga makaranta, Inna, kuma malamaina duk masu wutsiya ne. Ranar farko da na ɗaura su, kowa ya kama gabansa. 'Yan kwikwiyon suka cukurkuɗe igiyoyi, Kajok ya danne ɗaya, Siku ya kwanta abinsa aka riƙa jan sa. Na ɗaga bulala zan nuna musu ni ce, sai ta kewayo ta zabge ni a kunne. Suka firgita da ihuna suka zura da gudu, amalanke ya kife da ni daidai ƙofar kanti, a gaban duk mazan gari. Kawu Isak har da riƙe ciki. Ya ce, "Sannu direba! Ina za a, Danmak? Ki gaishe mana da ƙanwata!" Na tashi na kakkaɓe jikina, kunnena kuwa ya kwana yana zafi.

Kaka ce ta cece ni. Ta sa na fito mata da kujera bakin ƙofa, na ajiye gwangwanin madara can nesa. Daga zaune ta kaɗa bulalar nan, tas, gwangwani ya yi sama! Na buɗe baki. Ta ce, "Rufe, kada harshenki ya daskare. Kina tsammani da kakanki ya tafi shekara da shekaru wa ya ciyar da gida? Ba a dukan kare da ita, sokuwa, magana ake yi masa. Ki sauke ta a gefen hagunsa, zai san dama kike so." Kullum sai na yi ta fama da gwangwanin har hannuna ya ƙage. Yanzu ya lotse ta ko'ina.

Na kuma gane cewa Milak ba ta buƙatar bulala ko kaɗan, murya kawai take jira. Idan na yi mata magana a hankali yadda Baba yake yi, sai ta juya, sauran su bi ta. Kajok kuwa idan na ba shi igiya mafi tsawo bayan tata, sai girman kai ya hana shi faɗa. Siku ne dai har yanzu ban samo maganinsa ba.

Shekaranjiya muka je ɗaga ƙugiyoyin kifi a ramin da Baba ya huda a ƙanƙara. A hanyar dawowa, ban san abin da ya faru ba, sai kawai na ga igiyoyin nan duk sun miƙe tsaf lokaci guda, sun baje kamar yatsun hannu. Ba haushi, ba rigima, sai sautin numfashinsu da shuuu ɗin amalanke a kan ƙanƙara. Inna, na yi ta ihu ni kaɗai a tsakiyar teku! Hawaye suka daskare mini a gashin ido. Na shigo gari da kifi fal, na tsayar da su cak a ƙofar kanti. Kawu yana nan, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Abu ɗaya ne yake damuna. Naja ta koma kira na Inna. Ina nuna mata hotonki na ce ga Inna nan, sai ta ce a'a, wannan matar takarda ce. Kada ranki ya ɓaci, tana goye aka tafi da ke. Tana da irin goshinki, da irin taurin kanki, in ji Kaka.

Kowa yana gaishe ki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Taki,
Tuperna.

Ikerasak,
Afrilu, 1956.

Inna! Inna!

Gaisuwa, yaya jiki, yaya hanya, yaya teku. Wannan takarda ba za ta je Danmak ba, a Ilulissat za ta jira ki, a hannun ma'aikaciyar asibitin can. Wani mafarauci ne zai wuce da ita gobe.

Jiya aka kawo mana saƙon waya daga Umannak: an sallame ki, kina cikin jirgin farko! Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na fita ba riga mai kauri na yi ta gudu gida gida ina faɗa wa mutane. Matar malamin coci ta ɗora kofi, gari ya taru a ɗakinmu har ba wurin sa ƙafa. Kaka tana dariya tana kuka tana zagin kowa.

Sai Kawu Isak ya zuba mana ruwan sanyi. Ya ce jirgin iyakarsa Ilulissat, ba zai iya shigowa tekunmu ba sai ƙanƙara ta narke, wato sai tsakiyar bazara. Ya ce ki zauna can ki jira. Na ce wata uku a gidan mutane, bayan shekara biyu da rabi a gadon asibiti, alhali dutse ɗaya ne tsakaninmu? Ya ce karnukansa biyu sun mutu, sauran ba za su hau dutsen ba, kuma duk masu karnukan kirki sun bi Turawa. Na ce ai ni ina da karnuka.

Sai aka fashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke yarinya, ɗebo kifi daban, tsallake dutse daban. Lokaci ya ƙure, ƙanƙara ta fara ruɓewa. Ƙanwata huhu ɗaya da rabi gare ta. Idan ta jiƙe a hanya, ke za ki tsaya gaban Julut ki yi masa bayani?" Inna, gaskiya ya faɗa, kuma don yana son ki ne.

Sai tsoho Pitak mai wasiƙa ya ajiye kofinsa. Ya ce zai yi tafiyarsa ta ƙarshe ta bana ya kwaso wasiƙun jirgi, amma amalankensa zai cika, ba wurin mutum. Ya ce, "Idan yarinyar tana so ta bi sawuna, hanya ba tawa ba ce. Amma ba na jira, ba na ɗaukar kaya, ba na lallashi." Kowa ya juya yana kallon Kaka. Ta ce, "Me kuke kallo na? Ku miƙo mini allura, takalman surukata Bolatta suna buƙatar sabon tafi."

Kawu ya fita ya bugo ƙofa. Da yamma sai ga shi ya dawo da naman puyisi, dabbar tekun nan mai kitse, da ya harbo a bakin ramin ƙanƙara, ya jefar a gaban karnukana, ya ɗaga amalanken Baba na da ya duba ƙasansa, ya sake ɗaure duk igiyoyin da hannunsa. Sannan ya juya ya tafi gida.

Don haka kada ki motsa, Inna. Kada ki yarda kowa ya ce ki jira bazara. Idan kika ji hayaniyar karnuka marasa tarbiyya a bakin asibiti, ki leƙo, ni ce. Zan zo miki da kayan fatarki duka. Ba na iya zama, ba na iya cin abinci. Ina zuwa!

'Yarki,
Tuperna.

Ikerasak,
Mayu, 1956.

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya, kai da abokan tafiyarka da karnuka. Yaya sanyin can sama? Yaya ƙafafun karnukan? Ka gaishe da Jan Gemu. An ce jirgin sama zai jefa muku abinci da wasiƙu, shi ya sa na rubuta. Idan kana tsaye ka nemi wuri ka zauna.

Inna tana gida. Ga ta can tana dafa kifi tana yi wa Kaka gardama a kan gishiri. Ni na ɗauko ta daga Ilulissat, da karnukan da ka bari.

Na san za ka so ka ji komai, to ga shi. An sallame ta bayan tafiyarka, jirgi ya sauke ta can, sai na bi tsoho Pitak a tafiyarsa ta ƙarshe. Ya ce ba ya jira, amma a kowace kwana sai in tarar da shi ya tsaya wai yana gyara lofe. Hawan dutsen ya kusa kashe ni. Na sauka ina turi, 'yan kwikwiyon suna ja har cikinsu yana taɓa ƙasa. A gangara kuma Pitak ya nuna mini yadda zan mayar da su bayan amalanke su riƙe shi, in naɗa igiya a ƙafar amalanken. Duk da haka sai da na wuce shi a guje ina kiran sunan Allah, ya bi ni da ihu, "Ki ajiye mini wuri a Kekertak!" A Kekertak muka kwana. Matan garin suka fito suna taɓa ni, wai su tabbatar mace ce.

Da muka isa Ilulissat ban ma ƙarasa ɗaure karnuka ba sai na ga wata mata ta fito da gudu daga asibiti, da doguwar rigar Turawa da wasu 'yan takalma kamar na 'yar tsana. An rage mata gashi, kumatunta sun ciko. Baba, sai da ta kira sunana na gane ta. Ta riƙe fuskata tana shinshina ni, tana cewa, "Kin fi ni tsawo! Wa ya ba ki izini?" Sannan ta durƙusa a cikin dusar ƙanƙara ta rungume Milak, ta cusa hanci a wuyanta, ta ce shekara biyu da rabi ba abin da take shaƙa sai magani da sabulu. Ma'aikaciyar asibiti tana ta faɗa wai za ta kwashi sanyi. Da ta ga mun dage sai ta ƙara mana bargo biyu, ta ja mini kunne cewa ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta.

Na naɗe Inna cikin fatu har ido kawai ake gani, muka juyo. A kan dutse ba ta yi shiru ba ko kaɗan. Tana tambayar wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya auri wa, tana kiran sunan kowane tsauni kamar tana gaishe da dangi. Ta ce a can ko'ina itatuwa ne sun tare wa mutum gani.

A saman dutsen ne iska mai ɗumi ta taso daga gabas. Na ga Pitak ya cire hula yana shinshina iskar, daga nan kuwa bai ƙara tsayawa gyara lofe ba. Da muka sauko kan tekunmu, ruwa ya kwanta a kan ƙanƙara, karnuka suna fantsama shi. Har mun fara hango rufin coci sai muka tarar da tsaga, baƙin ruwa a miƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan. Pitak ya sami inda ta fi ƙunci ya kora nasa suka tsallake. Kafin in iso ta ƙara buɗewa, don ruwa yana janyewa.

Ya yi mini ihu daga can, "Ko ki koma Kekertak, ko yanzu! Ba anjima!" Komawa na nufin mu sake hawa dutsen cikin wannan iska da Inna, abincin karnuka kuma ya ƙare. Na dube ta. Ta ce, "Ke ce direba. Ni kaya ce."

Na yi wa Milak magana, ta ja baya ta yi tsalle ta dira can. Kajok ya bi ta don kada a ce ta fi shi. 'Yan kwikwiyon suka ƙi, suna kuka suna maƙalewa a ƙafata, sai na riƙa kama su ta ɗamara ina wurga su ɗaya bayan ɗaya, Pitak yana cafewa yana zagin iyayensu. Siku ya fi ƙarfina, na tura shi da ƙafa ya faɗa ruwa, ya yi iyo ya fita yana harara ta. Sannan muka tura amalanke har hancinsa ya hau wancan gefen, ya zama gada. Inna ta rarrafa a kansa a hankali, ni ina danne da bayansa. Pitak ya miƙo hannu ya fizge ta. Ko tafin takalminta bai jiƙe ba.

Sai bakin ƙanƙarar da nake tsaye a kai ya ɓalle.

Na tsinci kaina cikin ruwa har ƙugu, ina rataye da marikin amalanke, bayansa yana nitsewa da ni. Sanyin ya ɗauke mini numfashi, na kasa ko kiran karnuka. Inna ce ta kira su. Baba, ban san tana da wannan murya ba, huhu ɗaya da rabi! Karnuka suka zabura gaba ɗaya. Kuma ka san wanda ya fi kowa ja? Siku! Ya kafa ƙafafu ya sunkuyar da kai kamar an ce masa abinci yana gaba. Amalanke ya yi tsalle ya fito, ni ina biye a kan ciki, Inna ta damƙi hular rigata ta ƙarasa da ni.

Nan take ta tuɓe mini takalma da wando, ta naɗe ni da bargunan da aka ba ta, ta ɗaga rigarta ta cusa ƙafafuna a kan cikinta. Na ce, "Inna, ke ce mara lafiya!" Ta ce, "Yi mini shiru. Na gaji da zama mara lafiya." Haka muka shiga gari, ni a kwance kamar jaririya, ita riƙe da bulala, Pitak a gaba yana ta kaɗa hula.

Duk gari yana bakin teku, tun daga nesa suka hango mu. Maza suka yi ta harba bindiga sama. Kawu Isak ya shigo ruwan da ke kan ƙanƙara har gwiwa ya ɗauki Inna cak ya kai ta tudu, yana kuka a gaban kowa ba kunya. Daga baya ya dawo ya ɗauke ni, ya ce, "Ke kuma da nauyi kamar Siku." Ya kwance karnukan da kansa ya ba su abinci. Yatsuna duk suna nan, biyu ne suka ɗan saɓule.

Naja ta ɓuya a bayan Kaka ta ƙi fitowa. Inna ba ta matsa mata ba, ta ajiye mata lemo a kan gado ta ci gaba da harkarta. Naja ta gatsa shi da ɓawo ta tofar. Har yanzu matar jirgi take kiran ta, amma jiya ta zauna ta bari ta taje mata kai, yau kuma ta bi ta har coci tana riƙe da gefen rigarta.

An yi taron kofi kwana da kwanaki. Pitak yana ba da labarin a kowane gida, kullum tsagar sai ta ƙara faɗi. Milak tana hutawa, ta rame amma tana ci. Ina sanar da kai tun yanzu, karnukan nan ba na ɗebo ƙanƙarar sha ba ne kuma, kuma ba zan mayar maka da su ba.

Inna ta ce in bar mata wuri a ƙasan takarda. Allah ya tsare ku, ya sauko da ku lafiya, amin.

'Yarka,
Tuperna.

Julut, ni ce. Na dawo na tarar ka tafi yawo. Ka yi aikinka da kyau, kada ka ba mahaifinka kunya, kada kuma ka yi gaggawa a bakin ramukan ƙanƙara saboda ni. Na ga abin da ka yi da yaran, na gode. Kai ka jira ni shekara biyu da rabi ba ka yi ƙorafi ba. Ni yau mako guda ke nan ina jiranka, kuma na riga na gaji. Ka dawo.

Matarka,
Bolatta.